Ɗakin da Ba a Yi wa Fenti ba

Duk ranar Asabar da hantsi, maigidana yakan share teburin falo ya jera Kamfani a kai. Sabulun wanka shi ne masana'antar sabulu. Akwatin ashana jiragen ruwa ne, kofin shayi otal-otal, kwalin magani kuma reshen magunguna da asibitoci. Ƙaramin gwangwanin da ke tsakiya shi ne masana'antar fenti, inda yake aikin kula da sito. Duka na Kamfani ɗaya ne, mu ma kuma muna da ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba a ciki: hannun jarin da muka saya, rabi da sunansa, rabi da sunana, daga abin da na tara a kan keken ɗinki.

"Maman Kurciya, zo ki gani da idonki," yakan ce. "In aka sayar da jiragen nan su kaɗai, sun kai rabin kuɗin da kasuwa ta yi wa Kamfani gaba ɗaya. Ɗora otal, ɗora sabulu, kin cike. Fenti da magunguna gyara aka ba mu. Kasuwa barci take yi. Ran da ta farka, farashi zai ninka."

"To wa zai tashe ta?"

"Ke dai, mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Ka dafa. Ni tambayata, wa zai rage ya sha romon?"

Sai ya yi dariya ya ce bakina ya fi almakashina kaifi.

Kurciya ita ce 'yarmu, shekararta huɗu, tana da asma. Gidanmu na Kamfani ne, a kwatas ɗin ma'aikata, katanga ɗaya ta raba mu da masana'anta. In injuna suka tashi, warin fenti yakan shigo ta ƙasan ƙofa, ya kama labule, ya kama shanya, har tuwon bakinka ka ji shi. Na toshe tagogi da ƙyallayen ɗinki, ina jiƙa tawul in shimfiɗa a bakin ƙofa. Duk da haka ƙirjinta yakan yi fito kamar buta a kan wuta. Likitan asibitin Kamfani ya gaya mini gaskiya: "Hajiya, magani zan iya rubuta miki, iska ce ba ni da ita. Ku nisanta yarinyar nan daga wurin."

Nisanta ta na nufin haya, haya kuma na nufin a sayar da hannun jari. Nan muka maƙale. Da aka rufe masana'anta don gyaran injuna, Kurciya ta yi ta tsalle-tsalle a tsakar gida ba tari ko ɗaya, farashi kuwa ya faɗi, babanta ya ce mahaukaci ne kaɗai ke sayarwa a faɗuwa. Da injuna suka dawo, farashi ya ɗaga, ƙirjinta ya koma fito, ya ce yanzu tafiya ta fara, a ɗan ƙara jira. Gaba kura, baya sayaki. Har na kai in na ji yana murna da wayarsa a hannu, sai gabana ya faɗi.

Ba mugun uba ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Shi ke goya ta zuwa asibiti. Duk lissafin nan don ita yake yi: gida namu na kanmu a inda bishiyoyi suke, da makaranta mai kyau. Shi yana hango mata shekara ashirin, ni ina sauraron numfashinta na yau.

Wata Asabar ina guga sai na ji tarin ya fara, irin busasshen nan da na sani. Na same ta durƙushe a bakin gado, kafaɗunta na hawa suna sauka. Na zazzage jakata, babu abin shaƙar maganinta. Na duba kan taga, na ɗaga filo, na jawo durowa har ta faɗo ƙasa. Leɓunanta sun fara canza launi. Na sungume ta na fito falo ina kiran babanta, sai idona ya sauka a kan tebur. Ga abin shaƙar can tsaye tsakanin ashana da kofin shayi. Na zubar da tsohon kwalin magani ranar shara, shi kuma da ya rasa abin da zai tsaya a matsayin reshen magunguna, sai ya ɗauki abin da hannunsa ya kai.

Na fizge shi, gwangwanin fenti ya gangara ƙasa. Na sa mata a baki, na danna, na riƙe ta a ƙirjina har fiton ya lafa.

"Wallahi ban lura ba," in ji shi. Ya durƙusa yana shafa ƙafarta. "Ku yafe mini. Ki ba ni zuwa rahoton ƙarshen shekara kawai, Maman Kurciya. Ana raɗe-raɗin za a raba Kamfanin."

"Bara ma an yi raɗe-raɗin," na ce.

Ranar Litinin na riƙe hannun Kurciya muka hau mota zuwa ofishin dillalin hannun jari, wani dattijo mai sanƙo da ke shan shayi ba sukari. Na ce masa ya sayar mini da rabona na fenti da na sabulu, ya bar mini jiragen ruwa, tunda an ce su ne masu tsoka.

Ya yi dariya har ya ajiye kofinsa. "Hajiya, ana yanka wa mutum cinya a jikin saniya mai rai? Kowane hannun jari dunƙule yake, da jirgi da sabulu da fenti. Ko ki riƙe duka, ko ki saki duka."

"Maigidana ya ce darajarsa ta ninka farashinsa."

"Lissafinsa daidai ne. Ni ma na yi shi tun ina da gashi a kai." Ya shafa sanƙonsa. "Amma masu Kamfani ba su da niyyar raba shi, mai saye kuma farashin yau yake biya. Watakila gobe ya tashi, watakila sai wannan ta yi jikoki."

Kurciya tana wasa da hatimin da ke kan teburinsa, tana numfashi a hankali cikin iskar ofishin da ba ta da wari.

"Sayar," na ce.

Da na gaya wa babanta, sai ya ce, "Kin sayar da jirgin ruwa a kuɗin ashana."

"Na sani."

"Ni ba zan iya barin kwatas ba. Makullan sito na hannuna, in na saki gidan kuma ba za a sake ba mu ba."

"Na san wannan ma. Ka riƙa zuwa Asabar."

Shi ya ɗauko keken ɗinkina a kafaɗa ya hau da shi benen gidan da na kama haya. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a can ƙarshen gari, kuɗina ya biya hayar shekara guda, bayan nan ban san me zai faru ba. Albashinsa na Kamfani ne, rabin jarin da ya rage na Kamfani ne, abin shaƙar da ke jakata ma tambarinsu ne a jiki. A makon farashi ya ɗan ɗaga. Bai ce mini komai ba, na dai gani a fuskarsa.

Mai gidan, wani tsoho mai fara'a, ya biyo mu yana kallon bangon da ya ɗaɗɗaye ya yi dabbare-dabbare.

"'Yata, ki yi haƙuri da bangon nan, kunya ma yake ba ni. Gobe zan turo a shafa miki sabon fenti, mai kyau, na Kamfani."

"A'a, Baba, don Allah bar shi haka."

"Kyauta ne fa!"

"Na gode. A bar shi."

Ya dubi maigidana, ko zai sa baki. Maigidana ya ajiye keken, ya je ya buɗe tagogin duka biyu.

"Yadda ta ce, Baba," in ji shi.