Mai Aski Ya Tafi Tarbar Ɗansa

Shekara talatin mai aski yana ɓoye abu ɗaya: ba ya gane fuska. Idonsa garau yake, ko allura ce ta faɗa cikin tarin gashi sai ya tsamo ta. Hanci yana ganinsa, ido biyu ga su nan, baki ma haka, amma kansa ya ƙi ya haɗa su wuri guda ya ce masa wane ne wannan. Da mutum ya kau da kai, shi ke nan, fuskar ta bi ruwa.

Ƙeya kuwa, nan ya fi kowa. Kana zama a kujera ya zagayo bayanka da injin aski, sai gaisuwa ta ɓarke, ya mai jiki, yaya aka ƙare da maƙwabcin nan mai kaji. Ya san mai ninki biyu a wuya, ya san wanda kunnensa na hagu ya ɗan baje. A titi kuma sai ya wuce ka kamar bai taɓa taɓa kanka ba, shi ya sa rabin unguwa ke cewa girman kai ne ya yi masa yawa. Matarsa kaɗai ta san gaskiya, ita ma sai da ta sha fushinta ta ƙoshi kafin ta gano.

To, ranar da babban ɗansu zai dawo bayan shekara bakwai yana aiki a wata ƙasa, ranar ce uwar ta zame a banɗaki ta gurɗe a ƙafa. Ya yi magiya, ya ce ko goya ta ne zai yi har tasha. Ta ce ya rufa mata asiri ya tafi. Ya kira wayar ɗan don ya ji kalar rigar da ya sa, waya a kashe. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ɗan cikinsa ya tsaya a gabansa ya kasa gane shi, ɗan ya ɗauka an manta da shi.

Jirgin ƙasa ya tsaya da azahar, mutane suka yi ta zubowa, kowa da fuskarsa, duk kuma iri ɗaya. Masu tarba suna gaba suna ɗaga hannu. Shi kuwa gogan naka sai ya kutsa ya koma bayan taron, ya shiga bin ƙeyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wannan wuyan ya yi gajarta. Wancan an ɓata masa aski, ko wane mugu ne ya riƙe injin oho. Wani dogo ya sa hula har kunne, mai aski ya yi ɗage yana leƙen ƙarƙashinta, mutumin ya juyo ya dafe aljihu. Mai gadin tasha ma ya fara binsa a hankali, yana kaɗa sanda a cinya.

Ana cikin haka wani mai gemu da jaka a kafaɗa ya sha gabansa yana murmushi, bai ce komai ba. Mai aski ya ce masa sannu da hanya, ya kauce. Can kuma ga mai gemun a gabansa. Haushi ya kama shi, ya ce wa bawan Allah don Allah ya matsa, ɗansa yake nema.

Murmushin ya ɗauke. Mutumin ya gyara jakarsa, ya juya a hankali, ya tsaya cik.

Ga ƙeyar nan. Gashi ya murɗe gida biyu a tsakar kai, ga ɗan tabon da ƙofar shago ta yi masa yana shekara huɗu. Mai aski ya kama kafaɗarsa ya juyo da shi ya rungume cikin kunya da murna. Ya fara kame-kame, wai gemun ne, wai rana ce ta kashe masa ido.

"Baba, bar wahalar da kanka," in ji ɗan. "Tun ina aji biyu na sani."

Ya tuna masa lokacin da yake zuwa ɗaukarsa a makaranta. Sauran yara su ruga wajen iyayensu, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya fuskanci bango har uban ya iso. Malamai sun ɗauka miskilanci ne, har kunne an ja masa a kai. Mai aski dai bai taɓa tambayar kansa me ya sa ɗan nan bai taɓa ba shi wahalar nema ba.

"To, yau me ya hana ka juyawa?"

Ɗan ya sosa gemu yana dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. "Cewa na yi bari in gwada sa'a, ko sau ɗaya."

Mai aski ya riƙe fuskar da hannu biyu ya daɗe yana kallo, har mai gadi ya gaji ya koma bakin aikinsa. Ya kalli goshin, ya kalli idanun, ya yi iya ƙoƙarinsa ya adana su, ya kuma san kafin su kai bakin titi za su zube. Zuciyarsa ta yi masa zafi, bai ɓoye ba, ya ce wa ɗan ya yafe masa.

Ɗan ya saɓa jakarsa, ya cire hular da ke aljihunsa ya duba, ya mayar da ita aljihu, ya bar ƙeyarsa a buɗe. Sannan ya shige gaba taku biyu cikin cunkoson, ya ce wa uban ya biyo shi.