Sunaye Bakwai da Shuɗin Biro

Takardar umarnin ta iso ranar Litinin, saura mako uku a yi bikin yaye ɗalibai. Malam Zacharias, shugaban wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke gefen Abaji, ya fara ganinta a wayarsa, amma bai gaskata ba sai da aka kawo masa ita da hatimi. Shekara talatin da uku a aikin koyarwa sun koya masa kada ya yarda da abin da ba zai iya riƙewa a hannu ba.

Umarnin gajere ne. Duk ɗalibin aji uku da bai halarci makaranta kwana uku cikin kowane huɗu ba a wannan zango, ba za a sa shi a jerin masu fita ba, sai ya maimaita aji. Shugaban makaranta zai sa hannu a jerin ranar Juma'a, kuma in masu duba makarantu suka tarar da ƙarya, shi kaɗai zai amsa. Wata takwas suka rage wa Malam Zacharias ya yi ritaya.

Ya sa aka kawo masa rajistar aji uku, ya rufe ƙofa, ya bi ta layi-layi da kan yatsa. Can ya tsaya. A wasu ranaku, alamun halarta duk da baƙin biro aka yi su, ban da na yara bakwai, waɗanda aka yi da shuɗi. Ya ƙirga ranakun, goma sha tara. Ya duba littafin da yake rubuta al'amuran makaranta, ya ga duk ranaku ne da aka wayi gari da ruwan sama. Yaran bakwai kuwa 'yan Unguwar Mato ne, ƙauyen da ke ƙetaren rafi, inda babu mai iya tsallakowa in ruwa ya cika. Bai taɓa ganin ko ɗayansu a taron safe a irin waɗannan ranaku ba.

Mataimakinsa, Mista Dominic, ya ƙwanƙwasa ya shigo, ya leƙa rajistar tun kafin a ba shi izinin zama.

"Oga, ashe ka gani. Baƙin nan nawa ne, ni ke kiran suna ranar ruwa. Shuɗin kuwa na Madam Magdalena ne. Washegari take zuwa ta cike guraben da na bari."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun watan Mayu."

"Amma sai yau bakinka ya buɗe."

Mista Dominic ya yi murmushi. "Ban so a ce ina sa wa abokiyar aiki ido ba, oga. Sai dai can ofishin ilimi ba sa wasa bana. In ni ne kai, sai in cire sunayen in huta."

Malam Zacharias ya bi shi da kallo har ya fita. Bai manta ba cewa idan kujerarsa ta zama babu kowa kafin lokaci, wannan mutumin ne zai hau.

Ranar Talata ya kira Malama Magdalena, mai koyar da lissafi kuma uwar ajin. Ita ma a Unguwar Mato take zaune, can take aure. Ya juya mata rajistar.

"Hannuna ne, Yallaɓai," in ji ta.

"Yaran sun zo makaranta a ranakun nan?"

"Ba su zo nan ba. Ni ma ban zo ba, ka sani. Amma sun yi karatu. In rafi ya hana mu, nakan tara su a wajen coci daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Wanda ya zo, shi nake yi wa alama."

"Wa ya ba ki izini?"

"Babu. Ban kuma nema ba, don na san amsar."

Ya sake duban shafin. A wasu ranakun alamun shuɗin shida ne, a wasu biyar. A ransa ya ce mai wayon ƙarya haka yake yi, ba ya cike komai tsaf, don kada a gane. Ta ce masa ya zo ya gani. Ya ce ba shi da lokacin yawo a ƙauye, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda na bayan ƙofa zai ji. Ba ya son a shirya masa wasan kwaikwayo.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa tun asuba. Bai gaya wa kowa ba, ya sa rajistar a leda, ya tura ta cikin riga, ya hau acaba. Hanyar da ke zagayawa ta gada ta ci musu kusan awa biyu, sau uku yana sauka ana tura babur a taɓo. Wajen ƙarfe goma ya isa Unguwar Mato, ya nufi cocin kai tsaye.

Babu kowa a ciki. Benci a jiƙe, ruwa na ɗiga daga kwano, wata akuya ta fake a lungu. Ya tsaya a bakin ƙofa, wandonsa duk laka, ya ji baƙin ciki haɗe da jin daɗin wanda zarginsa ya tabbata.

"Kai, baƙo, wa kake nema?"

Wani dattijo ne ya leƙo daga rumfar injin niƙa da ke gefe, gari ya yi masa fari fat har gira. Shi ne Mato, mai injin, wanda unguwar ta ci sunan kakansa.

"Baba, an ce mini ana karatu a cocin nan."

"Coci yana yoyo tun farkon damina. Suna bayan injina. Kai ne ogan Malama? To madalla, zo ka karɓa mini ƙofata. Wata uku ke nan ta cire mini ƙofa tana rubutu a kai. In ruwa ya sauka, ba na kunna inji sai sha biyu, wai ƙara yana hana yara ji. Mata suna zagina, ni kuma ina zaune ina koyon lissafin kusurwa."

Malam Zacharias ya zagaya a hankali, bai yi sallama ba. A ƙarƙashin rumfar ajiyar doya ya tarar da su, yara shida a kan buhunan masara, Malama Magdalena na tsaye gaban wata tsohuwar ƙofar katako da aka shafa wa gawayi. Suka miƙe a firgice. Ya ɗaga hannu su zauna.

Bai tambaye ta komai ba. Ya karɓi littafin wata yarinya mai suna Juliet, ya zaro rajistar daga riga, ya shiga gwada kwanan wata da kwanan wata. Sha huɗu ga Mayu, akwai aiki, an duba da jan biro. Biyu ga Yuni, akwai. Ya shinshina takardar, ƙanshin hayaƙi da garin masara. Ya karɓi na wani yaro, ya sami ranar da babu aiki a ciki, ya duba rajista, a ranar ba a yi masa alama ba. Duk da haka bai saki jiki ba, domin ana iya cike littafi a yini guda. Ya ɗauki alli ya rubuta tambaya daga darasin da littafin ya ce an yi a watan Mayu, ya miƙa wa Juliet. Ta warware ta ba tare da ta waiwayi malamarta ba. Daga can baya Mato ya ce, "Wannan ai ko ni na san shi."

"Ina na bakwai?" Malam Zacharias ya tambaya.

"Jonah yana gonar doya da babansa," in ji Malama Magdalena. "Na lissafa tun ranar Litinin, Yallaɓai. Shida sun kai. Jonah bai kai ba, kwana uku suka rage masa."

"Biron yana hannunki. Kwana uku ne kawai."

"Bai zo ba."

Ya daɗe yana kallonta, yana neman inda dabarar take, bai samu ba.

Ranar Juma'a da safe ya zauna a ofis ya rubuta jerin da hannunsa, da sunayen yara shida na Unguwar Mato a ciki. Ya haɗa da wasiƙa mai shafi biyu, ya bayyana rafin, da rumfar, da ranaku goma sha tara, ya ce ya je ya gani da idonsa, kuma a kansa alhakin yake. A ƙarshe ya roƙa a bar Jonah ya cike kwanakinsa a makonnin da suka rage kafin biki. Ya san wasiƙar tana iya zama igiyar da za a ɗaure shi da ita, domin umarnin makaranta ya ce, bai ce rumfar doya ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Mista Dominic, wanda ya daɗe a tsaye yana karantawa ta saman kafaɗarsa, ya gyara murya.

"Oga, ka yi ƙoƙari. Ko za a ba ni kwafi ɗaya, saboda fayil?"

Malam Zacharias ya buɗe aljihun tebur ya zaro guda biyu da ya riga ya tanada, ya miƙa masa.

"Ga ɗaya na fayil," ya ce. "Ɗayan kuma ka kai wa wanda kake kai wa. Ka gaya masa in zai je ya gani, hanyar gada ta fi, amma ya zo da takalmin ruwa."