Filashin Jikin Makulli

Kwana tara da rasuwar Baba, Umma ta ajiye min kwamfutarsa a kan teburin falo, kusa da abincin da ban taɓa ba. Ta ce kwamfutar ta ƙi tashi, ita kuma muryarsa take son ji.

Na san abin da take nufi. Tun da Baba ya yi ritaya daga koyarwa ya tsiri zama gaban kwamfutar nan kullum da hantsi yana ɗaukar muryarsa: labarin iyayensa, yadda ya haɗu da Umma, sunayen dangin da ba mu taɓa gani ba. Wai don jikoki. Mu kuwa sai tsiya muke yi masa, muna kiransa mai gidan rediyo. Babu wanda ya taɓa zama ya saurara, har da ni.

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, shekara goma sha ɗaya ke nan, shi ya sa Baba yake ce min Injiniya. Na danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya yi baƙi ya tsaya a nan. Ba abin tashin hankali ba ne. Babbar manhajar da ke tada kwamfutar ce ta lalace, maganinta kuma sananne ne: a zuba wata manhajar a kan filashi, a tada kwamfutar daga can, a shiga a kwaso kaya. Ko barci nake zan iya wannan aikin.

Sai dai filashin aikina yana shago, shagon kuwa tun ranar rasuwar ban leƙa shi ba. Na tambaya ko akwai wani filashin a gidan. Umma ta shiga ɗaki ta fito da makullan Baba. Wani ɗan shuɗin filashi na lilo a jiki, tsakanin makullin ƙofa da abin yanke farce. Ni na ba shi, har na manta.

A shago ina da doka guda. Ba na zuba manhaja a filashin kowa sai na buɗe na ga abin da ke ciki, domin aikin yana share komai. Na sha yi wa masu kawo gyara faɗa a kan haka, har wasu na ce min na cika iyayi. Ranar ban buɗe ba. Ba sauri nake yi ba. A kwanakin nan hannuna ne kawai ke aiki, ni ina gefe ina kallonsa. Na soka filashin a tawa kwamfutar, na zaɓi manhajar, gargaɗin nan ya fito cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na danna amincewa kamar mai korar ƙuda.

Koren layi ya fara jan ciki a kan allo. Umma tana kan kujera tana ninke rigunan Baba, tana warwarewa, tana sake ninkewa. Ta tambaya ko a ɗumama min abincin, na ce a bari. Minti goma sha biyu aka yi.

Na zare filashin na soka a kwamfutar Baba, na nuna mata ta tashi daga can. Ta tashi lafiya lau. Na shiga ma'ajiyarsa, ga komai a jere yadda ya saba, har da inda ya sa wa suna Na Jikoki. Na buɗe. Babu murya ko ɗaya, sai ɗan gajeren rubutu.

"Injiniya, ka ce in riƙa ajiye abu mai muhimmanci a filashi tunda kwamfutar ta tsufa. Na mayar da su duka can. Yana jikin makullina."

Ni na koya masa. Cewa na yi ya riƙa kwafa. Amma Baba mutum ne da ba ya son ganin abu biyu iri ɗaya a gida, ko da cokali ne. Ya kwafa, sannan ya share na nan.

Na kalli filashin, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa. Na jira in ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Ban ji komai ba, sai ƙarar fanka.

"An samu?" in ji Umma.

"Da ɗan saura."

Kwana uku na yi a shago, ƙofa a rufe, ina tonon muryoyin da aka share. A kwamfutar, wasu abubuwan sun daɗe da hawa kan gurbin da muryoyin suka bari. Filashin kuwa ƙarami ne, manhajar da na zuba ta cinye kusan dukansa. Abin da na tsamo guntu ɗaya ne, daƙiƙa tara.

Na koma gida da la'asar na faɗa wa Umma gaskiya tun daga farko, ban rage komai ba. Na so ta yi min faɗa. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon makullan da ke hannuna, sannan ta ce in kunna mata abin da ya saura.

Na kunna, aka ji kujera ta yi ƙara a ciki. Baba ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi kafin ya shiga aji.

"Ya fara ɗauka kuwa? Kai... bari dai Injiniya ya zo ya duba min. Shi ba ya kuskure."

Shi ke nan. Umma ta gyara zama, ta matso da kunnenta kusa da kwamfutar.

"Sake kunnawa," ta ce.

Na sake.