Gishirin Tukunyar Unguwa

Ranar ɗaya ga Agusta ba ranar neman masauki ba ce a Matera, duk mai hankali ya san haka. Ɗakuna biyu nake ba baƙi a gidana da ke unguwar Serra Venerdì, kuma tun watan jiya aka kama su. Shi ya sa da aka danna ƙararrawa da rana tsaka, ina cikin fere dankali, ko wuƙar ban ajiye ba na je na buɗe.

Wata mata ce da za ta kai shekara hamsin, jaka a kowane hannu, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Can bayanta wani tsoho ne jingine da mota, da kwat da hula a wannan uban zafin, kwat ɗin tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

"Babu ɗaki," na ce.

"Kowa haka ya ce mini," in ji ta. "Mai kantin magani ne ya ce in zo wajen Titina. Wai bakinki ne kawai mai zafi."

Na ce a raina zan gamu da shi, munafuki. Tana buɗe baki na san rainon Torino ce. Ta ce sunanta Loredana, tsohon kuwa mahaifinta ne, Vitantonio. A nan aka haife shi, a gidajen kogon nan na ƙasan gari, inda iyayenmu duka suka zauna da alfadaransu kafin gwamnati ta kwaso su ta kawo unguwanni irin tamu. Yana saurayi ya tafi Torino aikin masana'antar motoci, bai sake waiwayowa ba.

Ita kuwa baiwar Allah, don ta faranta masa, sai ta kama musu ɗaki a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da aka yi yanzu a cikin kogon. Ta ce yana isa bakin ƙofa ya ja numfashi, ya toge. Ya ce a irin wannan ramin suka kwana da alfadari, a ciki tari ya kashe ƙanwarsa, don an kunna kyandir an shimfiɗa farin zani ba shi zai sa ya kwanta a ciki ba. Ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi shiga. Tun safe suke yawo ƙofa-ƙofa a saman gari.

"Ai ya yi mini daidai," na ce. "Amma dai babu ɗaki."

Ta ajiye jakunkunan, ta matso, ta rage murya. Mahaifiyarta ta rasu bayan bikin Ista. Tun daga nan tsohon ya daina cin abinci, sai ɗan kofi da ruwa, in an matsa masa ya gutsuri burodi. Likita ya ce idan suka koma Torino a haka, kwantar da shi za a yi a asibiti, a zura masa roba ta hanci. Shi ne ta ɗauko shi, ko abincin gida zai buɗe masa ciki. Ɗazu ma ta kai shi wani gidan abinci mai kallon kwari, aka kawo masa miyar wake a wani ɗan kwano da ganye ɗaya a kwance a kai, mai hidima ya tsaya yana ba shi tarihin talakawan da suka ƙirƙiro ta. Tsohon ya saurara tsaf, ya ce an gode, ya kife cokali.

Na sake duban tsohon. Wuyansa ya yi siriri a cikin kwalar riga, irin yadda na mahaifina ya yi a shekararsa ta ƙarshe. Tausayi ya kama ni, kuma na ji haushin hakan, don ina da aiki a gabana.

"Akwai ɗakin ɗana," na ce. "Yana Jamus, ba ya ko kiran waya, bai cancanci a ajiye masa gado ba. Ke sai dai doguwar kujera. Kuma ban da shiga mini kicin."

Na buɗe musu ɗakin. Tsohon ya tafi kai tsaye wajen taga, ya tura ta, ya tsaya iska tana bugunsa.

"Wannan shi ne ɗaki," in ji shi. "Mai taga."

Ranar kuwa ranar crapiata ce, wato miyar alkama da wake da unguwa ke haɗuwa ta dafa a tukunya ɗaya sau ɗaya a shekara. Kowane gida a layinmu ya kawo abin da ya samu tun jiya, wannan alkama, wancan wake fari, wani ja, wani manyan nan masu faɗi, aka jiƙa su kwana guda. Tun safe ƙatuwar tukunyar tana kan wuta a tsakiyar fili, dankalina ne ya shiga daga ƙarshe. Maƙwabcina Saverio ne ke riƙe da muciya duk shekara, yana ji da kansa kamar shi ya ƙera tukunyar.

Da rana ta yi sanyi na sa aka fito wa tsohon da kujera, na ajiye shi inda ƙamshi zai same shi sosai. Na ga hancinsa yana motsi. Na ce a raina an gama.

"Baba Vitantonio, yau da mu za ku ci. Ku ne ma za a fara zuba wa."

"A'a, 'yar nan. Ku ci lafiya."

"Saboda me? Ko mun yi muku ƙazanta ne?"

"Ban zuba ba," ya ce. "Uwata ba ta taɓa sa cokali a tukunyar da ba ta zuba wa ko tafi ɗaya ba. Ko ba mu da komai, sai ta kankaro gindin buhu ta kai."

Gaskiya ya faɗa, haka abin yake a da. Mu ne yanzu muka sake, duk ɗan yawon buɗe idon da ya ratso sai a miƙa masa kwano.

Loredana ta zabura. "Bari in ruga kanti in sayo wake, Baba."

"Busasshen wake yanzu?" na ce. "Sai dai mu ci gobe war haka."

"To in ba da wani abu, a sa a..."

"Rufe jakar nan, Loredana," in ji tsohon, ko kallonta bai yi ba. "Kada ki ba ni kunya a garinmu."

Ta rufe. Ta koma gefe ta tsaya, ta juya mana baya. Nan raina ya ɓaci. An yi tafiya tun daga Torino, an ba shi gadon ɗana, ga abinci yana tafasa a gaban hancinsa, shi kuma ya kafe kan tafin wake ɗaya. Na tafi wajen tukunya na fizge muciyar daga hannun Saverio.

"Ke, lafiyarki ƙalau?" in ji shi.

"Bayanka na ciwo, je ka zauna."

"Ni? Yaushe?"

"Tun yanzu."

Na kai wa tsohon na dangwara masa a cinya. "Wanda bai kawo wake ba, hannu yake kawowa. Haka muke yi a wannan layin. Ku tashi, kada ta kama."

A nan take na ƙirƙiro dokar, kuma daga kallon da ya yi mini na san ya gane. Amma ya dubi muciyar, ya dubi tukunyar, sai ya miƙe a hankali ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga. Hannayen nan duk jijiya, na ji tsoron kada muciyar ta rinjaye shi ya faɗa ciki. Ashe ya iya. Daga ƙasa yake ɗagowa, yana bin gefe-gefe, ba ya sauri.

Abin da ban tuna ba shi ne gishiri. A wannan girkin sai daga ƙarshe ake sa shi, don kada waken ya ƙi nuna, kuma mai riƙe da muciya shi ke ɗanɗanawa ya ce ya ji ko bai ji ba. Saverio ya kawo gwangwanin gishirin yana kumbure-kumbure, ya watsa tafi biyu yadda ya saba, ya miƙa wa tsohon ludayi don dole.

Tsohon ya ɗebo romo kaɗan, ya hura, ya kurɓa.

"Lami," ya ce.

Saverio ya ƙara. Tsohon ya juya, ya sake ɗebowa. Wannan karon har da wake da alkama a ludayin, kuma na ga muƙamuƙinsa yana aiki. Ya haɗiye. Sai na ji an damƙe mini hannu, Loredana ce, faratanta har cikin namana.

"Da saura," in ji shi. "Kai yaro, hannunka ciwo yake yi? Zuba mana."

Yaron nan da ake faɗa, wato Saverio, jikokinsa shida. Ya zuba, ya karɓi ludayin ya ɗanɗana da kansa, idanunsa suka yi waje. Ya matso kusa da kunnena.

"Titina, mutumin nan kashe mu zai yi. Kin san hawan jinina."

Na taka masa ƙafa da dukkan nauyina, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. "Zuba," na ce.

Haka aka yi ta yi. A zuba, ya juya, ya cika ludayi, ya cinye, ya girgiza kai. Ni kuwa ina tsaye ina ganin abincin unguwa guda yana lalacewa a gabana, kuma ban taɓa jin daɗin ɓarna irin na ranar ba. Can dai ya tauna wani ludayin a hankali, ya haɗiye.

"Yauwa," ya ce. "Haka matata Rosaria take yi. Hannunta ya yi nauyi da gishiri, shekara hamsin ina yi mata mita." Ya goge baki da bayan hannu. "Tun da ta tafi, duk abin da aka ba ni kamar jiƙaƙƙiyar takarda."

Aka sauke tukunya, aka kwarara man zaitun, aka hau rabo a dogayen tebura. Kafin kwanuka su gama zagayawa na bi layi kaf ina raɗa kada kowa ya yi maganar gishiri, wanda raɗa ba ta isa ba na aika masa da harara. Tsohuwa Nunziata, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta kai cokali ɗaya baki ta ɗaga murya: "Wane mara tsoron Allah ne ya..." Surukarta ta cusa mata burodi, ta yi mata bayani da ƙarfi a kunne. Nunziata ta leƙa ta dubi tsohon, ta ci gaba da ci tana matse ido.

Ban taɓa ganin an sha ruwa a layinmu kamar ranar ba. Burodi ya ƙare, aka aika gidaje a kwaso na gobe. Saverio yana ci yana ambaton sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya, amma ya cinye nasa tas, har ya ɗaga kofi ya ce a gaishe da mai muciya. Babu wanda ya bar ko ƙwaya a kwano.

Tsohon kuwa bai san ana yi ba. Ya zauna tsakanina da 'yarsa, ya sunkuya, ya cinye kwanonsa, ya suɗe da ɓawon burodi, sannan ya turo mini shi ba tare da ya ɗago ba. Na cika masa har baki. Wani nauyi da ban san na ɗauka ba ya sauka daga ƙirjina.

Loredana ko cokali ba ta ɗauka ba. Ta zuba masa ido kawai, hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga, ba ta ko sharewa. Sai da ya kai rabin kwano na biyu ya juyo, ya dube ta sama da ƙasa, kamar wanda ya daɗe bai gan ta ba. Ya ɗauki cokalinta ya sa mata a hannu.

"Ke kuma me kike jira?" ya ce. "Ci mana. Dubi yadda kika rame."