Buhu Tara a Ɗakin Kaji

Malamar asibitin ta zagaya damtsen jikata da wata 'yar igiyar awo mai launi uku, ta ja, ta duba, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Baba, me yarinyar nan take ci?"

Na gyara zama. Tambaya ta zo gidanta. "Me take ci? Ki ce me ba ta ci! Sau uku ake ɗora tukunya a gidana. Tun da gwamnati ta fara sayar da masara da shinkafa a farashi mai sauƙi ban taɓa fashin layi ba. Mai rabon ma ya san tarina. Yanzu haka buhu tara ne jibge."

"Ban da masara da shinkafa fa?"

"Gishiri," in ji surukata, matar ɗana, murya ƙasa ƙasa.

Na harare ta, ta sunkuyar da kai.

Ni ba a koya mini yunwa. Ban yi boko ba, amma a wannan fanni ni ne malami. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka ina saurayi, mu bakwai ne a ɗakin uwarmu, mu biyu muka ga damina ta gaba. Na ci ganyen da akuya ke shinshinawa ta wuce. Ranar na rantse muddin ina numfashi ba mai kwana da cikin wofi a gidana, kuma ban saɓa ba. Shi ya sa duk abin da ɗana direba ya bari na cefane, layi nake kai shi. Da wurin ajiya ya ƙare a ɗakina, na kwashe kajin surukata shida na kai wa maƙwabcina tela, na share ɗakinsu na jera buhuna. Kaza ai ba ta kai buhu daraja ba.

Malamar ta nuna mini igiyar. "Kore lafiya, ja haɗari. Jikarka tana dab da ja. Dubi gashinta, dubi cikin idonta yadda ya yi fari. Shekara uku, amma nauyin 'yar shekara biyu gare ta."

"Dubi cikinta dai," na ce. "Tim!"

"Cikin ya cika, Baba, jikin ne bai samu ba. Tana buƙatar ƙwai, wake, ganye, ɗan kifi. An sauƙaƙa muku hatsi ne don ku samu sararin sayen sauran. In aka ci gaba haka, zazzaɓi ɗaya zai iya kayar da ita."

Na so in ce mata tun ba a haifi uwarta ba nake ciyar da gida. Sai yarinyar ta kama yatsana ta ce, "Kaka, ɗauke ni." Na ɗauke ta. Ni da na yi shekara talatin ina dako a tasha, hannuna ba ya ƙarya a kan nauyi. Ba komai a jikinta. Rabona da jin irin wannan rashin nauyi tun ƙanwata, a waccan shekarar.

Muka fito daga asibitin muka hau mota.

Muna isa gida na tuɓe riga na shiga ɗakin kaji. Na fara fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya, a kafaɗa, ba mai taya ni, tsufa bai kai nan ba tukuna. Da na ɗaga na bakwai sai na ji shi sakayau. Na kwance baki. Ƙwari sun rigaye mu, masara duk huji, gari na zuba. Na takwas haka, na tara ma haka.

Surukata ta dafe ƙirji. "Wayyo Baba! Buhu uku!"

Tela ya leƙo ta kan katanga, igiyar awonsa a wuya. "Sarkin layi, yau kaya ake shanyawa? Ko baƙi ne suka ci ba sallama?"

"Kai dai ɗinki ka sani," na ce. "Ina kajin nan da na kawo maka?"

"Waɗanda ka ce ƙazanta ce kawai?"

"Ajiya na ba ka. Maido."

"Biyu sun shiga tukunya."

"Allah ya isa tsakanina da cikinka. Miƙo huɗun, ka ɗauki buhu ɗaya mai kyau ladan kiwo."

Kafin rana ta karkata kaji huɗu suna ɗakinsu, sun rufar wa masarar nan, har ƙwarin ba su bari ba. Na ɗauko katin shiga layin hatsi daga aljihun wandona na miƙa wa surukata.

"Daga yau ke za ki riƙa zuwa. Buhu ɗaya ya isa. Sauran kuɗin ki shiga kasuwa ki sayo abin da malamar nan ta lissafa, kada ki manta wake."

Ta karɓa da hannu biyu. "To, Baba." Ta dubi buhunan ukun, ta dube ni, tana danne dariya.

"Dariyar me? Kin zaci ban san da ƙwarin ba? Abincin kaji nake tanada tun farko. Mutum sai da hangen nesa."

Jikata ta tsuguna a bakin ƙofar tana leƙen kajin. "Kaka, yaushe za su yi ƙwai?"

"Gobe, uwar gidana," na ce. "In sun san gidan wa suke."