Durƙuson Ya'akubu Kuku

Ya'akubu Babur ne, mutumin ƙasar Biu. Ya zo Yerwa, babban birnin Borno, da matarsa Kubili 'yan shekaru kafin yaƙin duniya na biyu, ya sami aikin kuku a gidan wani Bature mai sayen ƙaro da gyaɗa, wanda barori ke kira Jan Wuya a bayan idonsa. Ranar da aka ɗauke shi abu ɗaya ya roƙa: a bar masa safiyar Lahadi. Jan Wuya ya yi dariya, ya ce ai shi ma Kirista ne, ya je abinsa.

Kiristocin da Ya'akubu ya sani ba su fi cikin rumfa ɗaya ba. Suna taruwa a gidan Baba Ajayi, wani kafinta Bayarabe da ke yi wa Turawa kujeru. In Ya'akubu ya durƙusa a rumfar nan, ko gobara ba ta ɗaga shi. Yakan ce wa Kubili, kwana shida zuciyarsa tana cikin tukunya, ranar nan ɗaya ba zai raba ta da kowa ba.

Wata Lahadi da bazara, baƙi suka sauka wa Jan Wuya ba zato. Ya aiki Ba'ana mai gadi, wani dattijon Babarbare, ya kira kuku. Ba'ana ya tarar ana tsakiyar addu'a. Ya tsuguna kusa da kunnensa.

“Ya'akubu, taso. Mutumin nan ya sha, idonsa ya juye.”

Ya'akubu ya ji sarai. Har ransa ya tafi ga agwagwar da bai fige ba, sai ya janyo shi ya dawo. Bai buɗe ido ba sai da aka ce amin.

Ya iske Jan Wuya a baranda tare da baƙinsa, suna cin kifin gwangwani.

“Ina ka tsaya?”

“Ranka ya daɗe, ina gaban Ubangiji. Da aka gama na taho da gudu.”

“Ni ne ubangijin gidan nan. Tunda durƙuso kake so, ga fili.”

Ya nuna tsakar gida, inda babu ko inuwar kara. Ya sa shi ya naɗe wando har cinya, ya durƙusa kan yashi. Wanda ya san rairayin Borno da tsakar ranar bazara ya san ko jaki ba ya tsayawa a kansa.

Jan Wuya ya ce, “Ka ce abincina ya fi addu'arka, ka tashi.”

Ya'akubu bai tashi ba. Da fari zafin kamar cizon tururuwa ne, daga baya ya ji fatar tana kama yashi kamar nama a kasko. Ya fara waƙar sujada da Baburanci, a hankali. Ɗaya daga cikin baƙin ya jefa masa gwangwanin da ya cinye, suka kwashe da dariya.

Kubili ta fito daga ɗakin barori, goyo a baya, ta zube a bakin baranda tana roƙo. Da ta ga ba a ko dube ta ba, ta juya ga mijinta.

“Baban Saratu, faɗa masa mana! Magana ce kawai. Allah ya san abin da ke zuciyarka.”

“Ya kuma san abin da ke bakina. Koma ɗaki, rana za ta taɓa yarinyar.”

Ba'ana ya kasa daurewa, ya kawo ruwa a butar alwalarsa. Jan Wuya ya sauko ya shure butar, yashi ya shanye ruwan nan take. Baƙi suka shiga ciki suka yi barcin rana. Ba wanda ya ƙara kusantar kuku sai wajen la'asar, da Ba'ana ya ga ya kife. Da shi da Kubili suka ɗaga shi, fatar gwiwoyinsa ta zauna a ƙasa.

Kashegari aka fitar musu da kayansu bakin ƙofa. Ba'ana ne ya nema musu ɗaki a unguwar Hausari, wajen wata 'yar'uwarsa. Gyambon ya ci har damina, da ya warke kuma ƙafar dama ta ƙi lanƙwasuwa. Babu Baturen da zai ɗauki kuku mai jan ƙafa, balle wanda aka ce yana da taurin kai. Kubili ta yi ta surfe a gidajen mutane. Da kaka ta goya Saratu, ta bi ayarin masu komawa Biu.

Da za ta tafi ta ce masa, “Ka zaɓi wanda ka zaɓa. Sai ya dafa maka.”

Lahadin da ya fara iya tafiya, ya dogara sanda har gidan kafinta. Baba Ajayi ya tare shi a zaure, yana ta murza hannu.

“Ɗan'uwa, kada ka ji haushi. Baturen nan ya ce duk inda ya ji kana shiga, ba zai ƙara ba da aiki a gidan ba. Mu ma muna da yara. Ka ɗan dakata tukuna, har ƙura ta lafa.”

Ya'akubu ya dube shi, ya ce, “To, Baba. Allah ya ba da sa'a.”

Ya fita, ya zagaya bayan gidan, ya jingina da zana daidai rumfar. Da suka ɗauki waƙa ya bi su, ƙasa-ƙasa, don kada su ji muryarsa su tsorata. Haka ya riƙa yi kowace Lahadi. Na ciki sun san yana nan, don suna ganin inuwar sandarsa ta ƙasan zana, amma ba wanda ya taɓa leƙowa.