Gadon Maƙwabta a Saiwar Wake

Matata Hansai ta rasu ranar Laraba, shekara huɗu ke nan. Tun daga ranar babu wanda ya sake yi mini gardama, abin da na daɗe ina roƙo, aka kuwa ba ni.

Jiya bayan azahar na kishingiɗa, na yi wani mafarki. Na tsinci kaina a cikin ƙullutun da ke jikin saiwar wake, inda ƙwayoyin bakteriya ke zuƙo taki daga iska su ba shuka. Na shekara talatin ina koyar da darasinsu a makarantar gona, ban taɓa sanin suna da ofis ba. Suna da shi, har da benci. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa zuwa rufi, kowa ya riƙe lemarsa a kife.

Ranar tantance dangi ce. Na saiwar gyaɗa suna cewa su ne yayyen na waken soya, na waken soya suna cewa ko a biki ba su taɓa haɗuwa ba. Wata tsohuwar ƙwaya ta rabe biyu a kan layi, rabi-rabin suka kama musu a kan wacce ce uwa.

Can bayan gilashi na hango Hansai tana buga hatimi.

Magatakarda, wani siriri mai jela, ya tare ni, ya ce dangi kaɗai ke shiga. Na ce mijinta ne ni, shekara talatin da ɗaya. Ya duba littafi, ya ce miji ba reshe ba ne, sai dai a ce maƙwabci mai naci. Na kawo masa sunayen kakannina bakwai. Ya yi hamma.

"Malam Bawa, mu nan ba daga uba kaɗai ake gado ba," in ji shi. "Wanda ka daɗe kana gogar kafaɗa da shi, sai ka wayi gari da halinsa. Sana'ar nan tawa, a wajen maƙwabci na same ta. Me ka ɗauka a wajenta?"

Na ce ni mai karatu ne, ita ko jarida a juye take riƙewa. In akwai wanda ya ɗauka, ita ce.

"To ita danginka ce, tana iya fitowa. Ba ta nema ba. Na gaba."

Aka mayar da ni ƙarshen layi, wanda a can shi ne tsakiya. Ina tsaye na dubi hannuna, sai ga lauje. Hansai ba ta taɓa tumɓuke wake ba, yanke shi take yi ta bar saiwar a ciki, wai ƙasa ma ta ci. Nakan ce lalaci ne. Na san ba lalaci ba ne, yana shafi na arba'in da biyu na littafin darasinmu, ni na koyar da shi. Shekara huɗu ke nan ni ma haka nake girbi.

Na ture na gyaɗa, na tsallake rabin tsohuwa, na isa gilashi. Ta ɗago, hatimi a hannu.

"Malam, wani abu ne?"

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka bakina a buɗe. Cewa kawai zan yi: Hansai, littafin ma haka ya ce.